Ba kowane ciwon ƙirji ne olsa ba

Tunda na fara aiki a emajensi maganar da na fi ji a bakin mutane ita ce "nas ai olsa ce ke damuna", kuma yawanci ba likita ne ya faɗa musu ba, a kemis aka ce musu haka aka ba su omeprazole suna ta sha wata da watanni. Wasu kam da gaske olsar ce ko ƙwarnafi. Amma akwai wanda in ka natsu ka saurare shi sai gabanka ya faɗi.

Tambayar da wani babban likitanmu ba ya tsallakewa ita ce "Baba me kake yi lokacin da ya kama ka?" Wani dattijo ya ce in yana saurin zuwa masallaci ko ya hau bene sai ya ji kamar an ɗora masa dutse, ya dunƙule hannu ya dafe tsakiyar ƙirjinsa, ba da yatsa ɗaya ya nuna ba, ya ce har kafaɗar hagu da muƙamuƙi yake ji, in ya tsaya kamar minti 5 sai ya sake shi. To wannan ita ce anjaina. Kitse ne ke taruwa a jijiyoyin da ke kai wa zuciya jini su tsuke, in kana zaune jinin ya isa, da ka motsa zuciya ta nemi ƙari sai ya gaza. Hawan jini, ciwon suga, sigari da ƙiba su ne kan gaba wajen jawo shi.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne ECG, wato gwajin bugun zuciya da na'ura, na iya fitowa lafiya lau alhali mutum yana da anjaina, saboda lokacin da aka ɗauka yana kwance ciwon ya lafa. Shi ya sa ake maimaitawa, a ɗebi jini a duba tiroponin wanda ke tashi in naman zuciya ya fara lalacewa. Masu suga da mata da tsofaffi ma wani lokacin ba sa jin ciwon sosai, haki ne kawai da gumi da tashin zuciya, irinsu ake sallama da maganin olsa kuma wallahi abin yana min ciwo.

Sauran kuma ana rarrabewa, ciwon da in ka danna wajen ya ƙaru yawanci na tsoka ne, mai suka in an ja numfashi ga zazzaɓi da tari a duba huhu, ɗan sikila kuwa da ciwon ƙirji ba a jira da shi.

Maganin GTN da masu anjaina ke sawa ƙarƙashin harshe in ciwon ya taso a zaune ake sa shi don yana sauke jini ya kawo jiri da ciwon kai. Kuma dole mu tambayi maza ko sun sha maganin ƙarfin maza na Viagra ko ire-irensa, da kunya amma haka muke tambaya a hankali ba a gaban iyali ba, don haɗa su kan sa jini ya faɗi warwas. Sai asfirin da maganin rage kitse da na hawan jini kullum, wasu har a buɗe jijiyar a sa musu ɗan raga a ciki.

In ciwon ya zo mutum yana zaune, ko ya wuce minti 15 bai saki ba, don Allah kar a tsaya jiƙa kanwa ko jiran gari ya waye, a nemi mota a kawo shi, kuma kar ya tuƙa da kansa.