Wasiƙa daga Manchesta: ranar da "should" ta kwanar da ni cikin sanyi

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida,

Ina fatan kuna lafiya, ku da iyali. Mu nan hunturu ya kama, kuma shi ne ma silar wannan wasiƙa.

A watan Disamba na'urar ɗumama ɗakina ta lalace. Na buga wa mai gidan da nake haya, ya ce mai gyara "should come on Tuesday". To, mu a makaranta "ya kamata" aka ce mana ita ce fassarar "should", don haka na ɗauka an ɗora wa mutumin wajibi ne. Na nemi hutu a wajen aiki, na naɗe cikin bargo biyu ina kallon ƙofa, har rana ta faɗi, ga shi a watan nan kafin ƙarfe huɗu take faɗuwa. Ko ƙeyarsa ban gani ba. Da na yi ƙorafi sai mai gida ya ce shi fa bai yi mini alkawari ba. Abin haushi, gaskiyarsa ce. A irin wannan magana "should" tana nufin "ana sa ran", wato in komai ya tafi daidai. Da alkawari ne, "will" zai ce.

Haka "must". Mu "dole" muka haddace. Washegari wata dattijuwa maƙwabciyata ta gan ni ina karkarwa, ta ce: "You must be freezing." Ba umarni ta ba ni in daskare ba, ta duba alamu ne ta yanke hukunci: lalle sanyi ya gama da kai. In abin ya riga ya wuce sai a ƙara "have": "he must have forgotten", lalle mantawa ya yi. Ga kuma tarkon da ke kama masu shirin jarrabawar IELTS ta gwajin iya Turanci: kishiyar wannan "must" ɗin ita ce "can't", ba "mustn't" ba. "He can't be at home" na nufin ba zai yiwu yana gida ba. "Mustn't" kuwa hani ce.

"May", "might" da "could" duk dangin "ƙila" ne. Wasu littattafan nahawu na cewa "may" ta ɗan fi ƙarfi, amma a kunnena bambancin na wurin magana ne: "might" a bas da kanti, "may" a takardun ofis.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne akwai inda aka auna kalmomin nan kamar hatsi a mudu. A rahotannin kwamitin IPCC na Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi, "likely" na nufin yiwuwar kashi 66 cikin ɗari zuwa sama, "very likely" kashi 90, "virtually certain" kuwa kashi 99. A kotunan Ingila ma, ƙarar bashi ko ta haya ana cin ta ne in zancenka ya fi na abokin shari'a yiwuwa, amma ba a kama mutum da laifi sai an sakankance.

Kada dai a ce Bature ne kaɗai ya iya wannan. Wanda ya ce maka "zan zo" da wanda ya ce "nâ zo", yana jan muryar daga sama ya sauke ta, ai ba alkawari ɗaya suka yi ba. Balle "mâ gani" ta wanda kake bi bashi. Tamu a karin murya take ɓoye, rubutun yau da kullum ba ya nuna ta, shi ya sa ba mu lura muna da ita.

Mai gyaran dai sai Juma'a ya zo. Ya ƙwanƙwasa nan, ya murɗa can, ya shafa bututun ya ce: "That should do it." Na yi masa godiya, amma ban mayar da bargo na biyu cikin akwati ba.

A gaida mutan gida duka.

Naku,
ɗan uwanku a Manchesta