Kafin ka yi wa gem jana'iza saboda an ba shi 70

Ƙannena masu buga PlayStation da Xbox, akwai wata magana da nake yawan ji a bakinku a gidan gem da majalisa, wadda ni ma na daɗe ina yi kafin in gane ta aro ce. Sai a ambaci wani gem, wani ya zaro waya ya duba, ya ce "ai 70 aka ba shi, shirme ne." Shi ke nan an yi masa jana'iza, alhali babu ko ɗaya a wajen da ya taɓa riƙe fad, wato abin sarrafa gem na hannu, a kansa.

Galibi daga Metacritic ake ɗauko lambar nan, shafin da ya fara aiki a 2001, wanda ke tattara makin da jaridu da shafukan sharhi suka bayar ya fitar da guda ɗaya cikin ɗari. Ga abin da yawancinmu ba mu lura da shi ba. A ɓangaren fina-finai, da zarar abu ya kai 61 shafin yana shafa masa kore, alamar yabo. A ɓangaren gem kuwa sai ya kai 75. Wanda ya samu 74 ruwan ɗorawa ake shafa masa, launi ɗaya da wanda ya samu 50. Mu da muka saba 70 ita ce A a jami'a, sai ga mu muna ɗaga hanci a kanta, don kawai a ma'aunin masu sharhin Amurka da Turai ta koma "ba yabo ba fallasa". Lambar kuma ba abin wasa ba ce a wajen masu ƙera gem. Kamfanin Obsidian, da ya yi Fallout: New Vegas a 2010, ya rasa ƙarin kuɗin da aka yi masa alkawari idan gem ɗin ya kai 85, domin a 84 ya tsaya. Yau ana lissafa shi cikin waɗanda suka fi fice a irinsa.

Gem ɗin da ya fi koya mini hankali shi ne Mad Max na kamfanin Avalanche. Ya fito ranar 1 ga Satumba, 2015, rana ɗaya da Metal Gear Solid V, wanda ya haura 90, Mad Max kuwa bai kai 70 ba a PlayStation 4 (PS4). Na duba lambobin biyu na yanke hukunci, har ina yi wa masu buga shi dariya. Sai da aka yi shekaru faifansa ya faɗo hannuna ta hanyar musanya, na saka shi don ba ni da wani. Duk abin da masu sharhi suka faɗa gaskiya ne. Sansanonin da kake kai wa hari kusan fasali ɗaya ne, manyan 'yan daban da ke tsaron su kusan mutum ɗaya ne aka sauya wa launin kaya, tsintar ƙarafa tana gundura, dambensa kuma an gan shi tun a gem ɗin Batman na Arkham. Amma faɗan mota fa? Ka hango ƙurar ayarin motoci daga nesa a cikin hamada, ka taka wuta ka cim musu, bakaniken da ke bayan motarka ya harba ƙugiya ta fizge ƙofa ko taya, ko ta zaro direban gaba ɗaya, ga guguwar yashi ta taso da tsawa. Har yau ban buga gem ɗin da ya fi shi iya wannan abu guda ba.

Ashe 70 iri biyu ce. Akwai gem ɗin da komai nasa tsaka-tsaki ne: zane ba laifi, labari ba laifi, faɗa ba laifi, ka gama shi bayan mako biyu ka manta sunan jarumin. Akwai kuma wanda ya iya abu ɗaya sosai ya ɓata biyu, da aka haɗa aka raba sai lissafi ya faɗo a wuri ɗaya da na farkon. Lambar ba za ta bambance maka su ba, sai ka karanta sharhin da kansa, ko ka kalli minti ashirin na wani yana bugawa daga tsakiyar gem ɗin, ba tallar kamfani ba. Na biyun nan shi ya cancanci kuɗinka, matuƙar abin da ya iya shi ne abin da kake so. Vampyr na 2018 ma haka yake. Faɗansa na da nauyi, tafiya cikin Landan ta 1918 tana gajiyarwa, amma dabarar da aka gina shi a kai, likitan da ya zama mai shan jini, wanda ƙarfinsa ke ƙaruwa sosai idan ya kashe mutanen unguwar da ya sani yake yi wa magani, ta fi labarin gem da yawa da suka fi shi maki.

Sannan ka riƙa tuna halin da mai sharhi yake ciki, domin ba irin naka ba ne. Yawanci kyauta aka aiko masa da gem ɗin, an ba shi 'yan kwanaki ya gama ya rubuta kafin ranar fitowa, kuma a shekarar ya riga ya buga irinsa da dama. In ya ce ya gaji da taswira cike da alamomi, da gaske yake, wanda ya kwana bakwai yana cin shinkafar biki dole ta gundure shi. Kai da kake sayen faifai biyu ko uku a shekara, kana bugawa sa'a ɗaya da daddare in an kawo wuta, wannan maimaicin da ya ishe shi mai yiwuwa shi ne hutunka. Akwai kuma abubuwan da ba sa shiga lissafinsa sam, mu kuwa su ne kan gaba: gigabait nawa za ka sauke kafin faifan ya yi aiki yadda ya kamata, ko sai da intanet yake tashi, ko yana barinka ka adana wasanka duk lokacin da ka so. Wanda aka taɓa ɗauke wa wuta yana dab da gama dogon mishan ya san darajar wannan na ƙarshen.

Ka duba kwanan watan sharhin ma. Days Gone ya fito a PS4 cikin Afrilun 2019 da kurakurai da sarƙewa, makinsa ya tsaya kaɗan sama da 70, kuma nan yake har yau duk da gyare-gyaren da aka yi ta turo masa daga baya. Ni na buga farkonsa kaɗan, na ga labari na jan ƙafa, babur na shan mai kamar ya huje, na ajiye, na shiga gaya wa mutane ba shi da daɗi da bakin wanda ya gama shi. Abin da aka gina gem ɗin dominsa, wato tunkarar garken ɗaruruwan dodanni da tarko da bama-bamai da sanin hanyar gudu, sai can gaba yake buɗewa sosai. Laifin gem ne ya ɓoye mafi kyawun abinsa a nesa haka, kuma mai sharhin da ya rage masa maki a kan hakan bai yi zalunci ba. Nawa laifin shi ne ban faɗi inda na tsaya ba.

Kada dai wani ya ɗauka ina cewa masu sharhi ba su san aikinsu ba, duk gem mai 70 zinare ne da aka binne. Wannan ma wata cuta ce da ta yi yawa yanzu, kowane tsohon gem sai an ce an zalunce shi. The Order: 1886 ya fito a Fabrairun 2015 da zanen da ya sa kowa riƙe baki, na kuma rufe ido na saye shi sabo fil duk da gargaɗin da na karanta. Cikin sa'o'i bakwai ko takwas ya ƙare, kaso mai yawa nasa kallo ne da danna maɓallin da aka nuna maka a allo, kuma babu abin komawa bayan an gama. A kan dala 60 da ake sayar da shi lokacin, masu sharhi sun yi daidai. In ka same shi yau a gwanjo da araha, na yamma biyu ne mai daɗi, ba zan hana ka ba. Gem ɗin bai canza ba, farashin ne ya sauko ya same shi. Yanzu da sabbin manyan gem suka koma dala 70 tun zuwan PS5 a 2020, kai ka san abin da hakan ke nufi in an juya shi zuwa naira ko sefa. Matsakaicin gem ba na ranar fitowa ba ne. Ka jira wata shida ko shekara, a gyara kurakuransa, farashi ya karye, ko abokinka ya gama ku yi musanya.

Wata asarar da ba ma lissafawa ita ce ta lokaci. Assassin's Creed Valhalla na 2020 ya samu maki mai kyau, sama da duk waɗanda na ambata in ban da Metal Gear da Fallout da Batman, amma labarinsa kaɗai yana cin sa'o'i kusan sittin. Tun wajen rabi na daina jin daɗinsa, na ci gaba da jan jiki daga wannan yankin Ingila zuwa wancan don kawai na biya kuɗi, kuma kada a ce ban gama ba. Kuɗin sun riga sun tafi, dararen da na ƙara a kai ba su dawo da ko kwabo ba. In ka kunna gem ka ji kamar za ka tafi aikin da ba a biyanka, cire faifan tun yana da daraja a kasuwa ka musanya shi.

Idan kuma aka tambaye ka ra'ayinka, ba dole sai ka zaɓi tsakanin "ya haɗu" da "shirme ne" ba. Ka faɗi inda ka kai a ciki, nawa ka saya, abin da ya riƙe ka da abin da ya gundure ka. Wanda ya ji "tuƙinsa ya yi, labarin ba komai, kada ka saya sabo" ya samu abin da zai yi aiki da shi ranar da ya shiga kasuwa da kuɗin faifai ɗaya a aljihu.