Yadda na bi sawun sunayen shiga da suka ɓace a kundin Active Directory na wata makaranta

A cikin kundin Active Directory, wato tsarin Microsoft da ke ajiye asusun masu amfani da kwamfutocin wata ma'aikata, kowane mai amfani yana iya samun sunan shiga iri biyu. Akwai gajeren suna na tun zamanin Windows NT, wanda ake kira sAMAccountName, ba ya wuce haruffa 20, kuma babu asusun da ke zama ba tare da shi ba. Akwai kuma dogon suna mai siffar adireshin imel, wato userPrincipalName, wanda ya zo tare da Windows 2000, shi kuwa ba dole ba ne, ana iya buɗe asusu a bar gurbinsa wayam, kundin bai ce uffan ba. Wannan bambancin shi ne tushen matsalar da aka kira ni in duba a wata makarantar sakandare da ke wani ƙauye a ƙasar Ringim, a Jihar Jigawa.

Makarantar tana da uwar garke biyu, wato manyan kwamfutoci masu riƙe da kundin, ɗaya a ofis, ɗaya a reshenta da ke wani gari kusa, dukansu a kan wutar sola. An kawo sabuwar manhajar shigar da sakamakon jarrabawa, wadda ke neman malami a kundin ta dogon sunansa, sai ga shi ta karɓi wasu malaman ta ƙi wasu. Shugaban makarantar ya ce mini, "Injiniya, mutanen nan kullum suna shiga kwamfuta lafiya, ta yaya za a ce sunansu ya ɓace?" Na ce, "Ranka ya daɗe, ƙofa biyu ce, ta tsohuwar suke shiga." Windows yana ma karɓar gajeren suna haɗe da sunan yankin, wato sunan rukunin kwamfutocin makarantar a kundin, ko da gurbin dogon sunan babu komai, shi ya sa aka daɗe ba wanda ya lura. Manhajar kuwa gurbin kansa take karantawa ta hanyar LDAP, wato ƙa'idar da manhajoji ke bi su tambayi kundin, idan ta tarar da shi fanko sai ta ce ba ta san mutumin ba.

Abin da ya fi sauƙi shi ne in buɗe kowane asusu in rubuta sunan da hannu, amma ban yarda da gyaran da ba a san dalilin ɓacinsa ba, domin gurbin da ya bayyana babu komai yana iya nufin abu uku mabambanta: ko sunan yana nan ba a nuna maka ba ne, ko an goge shi, ko kuwa ba a taɓa rubuta shi ba. Kowannensu da maganinsa.

Na farko bai ɗauke ni lokaci ba. Na shiga da asusun mai cikakken iko don kada izinin karatu ya ɓoye mini wani abu, sannan na tambayi uwar garken biyu ɗaya bayan ɗaya. Wannan yana da muhimmanci a karkara, saboda tsakanin wurare biyu da aka raba a kundin, musayar bayanai kan gudana ne duk bayan minti 180 idan ba a sauya ba, ga shi ta reshen ana kashe ta da dare don batir ya huta. Umarnin repadmin /replsummary ya nuna suna musaya yadda ya kamata, kuma jerin asusun da ba su da dogon suna, wanda na fitar a PowerShell, wurin rubuta wa Windows umarni, da umarnin Get-ADUser da matatar (!userPrincipalName=*) mai tace asusun da gurbin ke fanko, iri ɗaya ne a wuraren biyu.

Rarrabe na biyu da na uku shi ne inda na fi ƙaruwa. Kundin yana ajiye tarihin kowane gurbi na kowane asusu: yaushe aka sauya shi na ƙarshe, a wace uwar garke, kuma sau nawa. Ana ganin wannan da repadmin /showobjmeta idan aka ba shi cikakken adireshin asusun. Da a ce wani ya goge sunan, da layin userPrincipalName zai fito da lambar sauyi da ta haura 1 da ranar da aka goge, daga nan sai a koma rijistar tsaro a nemi bayani mai lamba 4738, wanda ke nuna wanda ya taɓa asusu, muddin an kunna rubuta irin wannan bayanin tun farko. A asusun malaman nan layin bai fito ba sam. Ke nan ba wanda ya goge komai, zargin da aka fara yi wa yaron da ke kula da ɗakin kwamfuta ya faɗi. Da na duba ranar buɗe asusun a gurbin whenCreated, sai na ga duk a yini ɗaya aka buɗe su, minti kaɗan tsakaninsu, alamar an zuba su ne a dunƙule daga fayil ɗin CSV, wato fayil mai jerin sunaye layi-layi. Na samo rubutaccen umarnin da wanda ya kafa tsarin ya bari, na tarar ya yi amfani da New-ADUser, umarnin buɗe sabon asusu, bai sa gurbin dogon sunan ba. Waɗanda aka buɗe wa da hannu ta tagar buɗe asusu ta Windows ba su shiga matsalar ba, domin tagar ba ta barin mutum ya wuce sai ya cike sunan.

Wajen gyara, na gina kowane dogon suna daga gajeren sunan mai shi, ba daga sunan yanka da na mahaifi ba, saboda a makaranta irin wannan Muhammad da Abdullahi da A'isha sun yi yawa, kuma tun daga Windows Server 2012 R2 kundin yana ƙin dogon sunan da wani ya riga ya ɗauka. Na kuma guji haruffa masu ƙugiya irin su ɗ da ƙ a cikin sunan shiga, na bar su a sunan da ake gani kawai, tunda Microsoft 365, tsarin imel da manhajojin ofis na Microsoft a intanet, ba ya karɓarsu idan wata rana aka haɗa kundin da shi. Na adana jerin asusun tukuna, na gwada Set-ADUser, umarnin gyara asusu, da -WhatIf, wanda ke nuna abin da zai faru ba tare da sauya komai ba, na karanta abin da zai aikata layi-layi, sannan na sake shi. Asusun Administrator da Guest da krbtgt, waɗanda Windows ke buɗewa da kansa, sun fito a jerin, amma haka suke zuwa babu dogon suna, don haka ban taɓa su ba.

Bayan musayar bayanai ta kai reshe, malaman suka shiga manhajar da kalmar sirrinsu ta da, domin cike wannan gurbin ba ya shafar kalmar sirri ko fayilolin mutum. Tsohon rubutaccen umarnin ma na ƙara masa gurbin da ya rasa, na nuna wa yaron ɗakin kwamfutar yadda zai gudanar da matatar nan duk lokacin da aka ɗauki sababbin malamai a farkon zango.