Godiya bayan aikin da aka yi min

Salam 'yan uwa. Yau kwana 12 da aka cire min mahaifa, alhamdulillah ina gida har na fara takawa ba mai riƙe ni. Saƙonninku sun yi yawa wallahi na kasa amsa kowa, shi ya sa na ce bari in rubuta a nan.

Masu tambayar me ya same ni, adinomayosis ake ce masa. Shimfiɗar nan ta cikin mahaifa da ke zubowa lokacin al'ada ita ce take kutsawa cikin naman bangon mahaifar, duk wata sai ta kumbura ta yi jini a can ciki inda babu hanyar fita, mahaifar ta yi ta girma. Shekara 6 ina fama, al'ada sai ta kai kwana 10 da gudaje manya, ina canza fad kusan duk awa, ga ciwon mara kamar naƙuda, jinina ya yi ƙasa har in na miƙe sai jiri ya ɗebe ni. Kowa sai ya ce ai haka mata suke, ki yi haƙuri. Ni ma na yarda, abin da ya fi min ciwo kenan.

Likitar matan da ta zaunar da ni ta saurare ni, ta yi min sikanin sannan ta tura ni MRI, Allah ya saka miki da alheri. Ba ta yi gaggawar tiyata ba. Mun fara da ibuprofen da tranexamic acid na rage zubar jini da maganin ƙarin jini, aka koma ƙwayoyin homon, daga baya aka sa min Mirena, 'yar robar da ake sawa cikin mahaifa tana sakin homon, wadda take taimakon mata da yawa, ni dai sauƙin bai daɗe ba. Ta ce ciwon yakan lafa in al'ada ta ɗauke gaba ɗaya, to shekarata 41, yaushe zan jira. Na gama haihuwa, muka yanke shawara, kuma an bar min gidan ƙwaina, wato ovaries.

Baban yara, kai ka san daren da muka sha. Yaya, kin bar gidanki kin kwana a kujerar asibiti kwana huɗu. Ƙanina da ya ba ni jini, nas-nas ɗin dare, da ku masu addu'a da ban ma san fuskarku ba, na gode, na gode. Sati mai zuwa zan koma a duba ɗinkin, ku ci gaba da sa ni a addu'a.