Waya ba ta dariya

Laraba. Sha ɗaya saura na dare, kowa ya kwanta, wuta ba ta dawo ba.

Da nishaɗina na tashi yau. Auta ya shanye kokonsa babu rigima, Hajiya ta ce ƙafar ta yi sauƙi, ina fitowa bakin layi na samu adaidaita. Hazo ya sauka sosai, ƙarfe bakwai da rabi kamar yanzu aka sallame Asuba, amma ko wannan bai dame ni ba. Na sa 'yar lasifikata a jaka cike da caji, ina ta murna yau zan ga sakamakon makonni shida.

Kun dai san tsarin. Tun farkon zangon nan na raba wa ɗalibaina darussan sauraron Turanci gida uku, Kore da Rawaya da Shuɗi, ban ce wa kowa wannan na masu ƙoƙari ne wancan na 'yan baya ba. Kowa ya ɗauki wanda zai iya, in ya ga ya yi masa sauƙi ya matsa gaba da kansa. Makaranta ta hana zuwa da waya, ni ma ban ga laifinta ba, shi ya sa ranar Juma'a suke kawo mimori a naɗe cikin takarda da suna a jiki, in zuba musu daga kwamfutata. Ko ƙaramar waya mai madannai tana karanta shi, ba ruwan kowa da data. Masu babbar waya a gida kuma in tura wa iyayensu ta WhatsApp.

Ajin ya tafi yadda nake so, mutum tamanin da huɗu amma kowa da abin da ya sa a gaba. 'Yan gaban nan shida da suka fito daga firamare mai zaman kanta sun saurari shirin BBC na koyon Turanci mai minti shida, suna taƙaita shi a rubuce. 'Yar Sabon Gari, wadda buroka ke zuba a bakinta kamar ruwa amma rubutu ke kayar da ita, ta rubuta abin da ta ji jimla bayan jimla, kuskure huɗu kacal. Mai Gilashi kuwa na miƙa mata wayata na ƙara girman rubutu, ta karanta sakin layi guda ba ta tsaya ba. Shekara nawa ana ce mata ba ta da kai, ashe allon ne ba ta gani. Na ji daɗi har na tafa mata.

Aka kaɗa ƙararrawar tara, aji ya watse, ina naɗe wayar caji sai na ga Alaramma bai fita ba. Yana tsaye can baya wajen taga, inda ya saba zama, da littafi a hannu. Ya jira har na ƙarshensu ya fita sannan ya matso ya ɗan rusuna.

"Malama, ina so ki duba mini wani abu, in ba damuwa."

Na zata aikin gida ne. Na buɗe, sai na ga ajami, shafi bayan shafi. Hannu mai kyau irin na wanda ya shekara goma yana riƙe alƙalamin kara, baƙaƙe da baƙin biro, wasula da ja, kamar yadda ake yi wa Alƙur'ani rubutun hannu. A gefen dama kalmar Turanci da boko, a hagu yadda ake furta ta da ajami. Duk darussan Kore ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya shiga Rawaya har ya kai na biyar. Ban ma san ya bar Kore ba.

Abin da ya tsayar da ni shi ne fa'un da ya yi. A rubutun Warshu da ake koya a tsangayu ɗigon fa a ƙasa yake, guda ɗaya. To shi inda kalma take da "f" ya bar ta da ɗigonta, inda take da "p" ya ƙara biyu suka zama uku. "Fan" ɗigo ɗaya, "pan" ɗigo uku. "Full" da "pull" haka. Na tambaye shi wa ya nuna masa, ya ce babu, shi dai ya ga harafin ba ya isa ne ya ƙara masa.

Wanda bai koyar da Turanci ga Bahaushe ba ba zai san girman wannan ba. Mu a wajenmu sauti ɗaya ne. Ka ce fari, ka ce pari, ka ce hwari irin na Sakkwatawa, kowa ya san launin da kake nufi. Kunnenmu bai taso da raba su ba, balle baki. Turanci kuwa haruffa 26 ne ke ɗauke da sautuka 44, ashirin daga ciki wasula, mu da muka saba da biyar, gajeru da dogaye, sai tagwai biyu. Nakan sa su riƙe 'yar takarda a gaban baki, in ta motsa an yi "p", in haƙoran sama sun taɓa leɓen ƙasa an yi "f". Rabin aji wasa suke mayar da shi. Shi ya je gida ya yi.

Na ce to a wace waya kake ji?

Ya ce ta yayansa, wanda ke da rumfar caji. Bayan Isha, in kasuwa ta lafa, yakan ba shi kamar rabin awa. Yana rage gudun muryar a manhajar VLC yadda na nuna musu, ya ji, ya tsayar, ya rubuta, ya maimaita. Sannan ya gano wani abu da ban koya musu ba: alamar makirufo da ke jikin madannan waya, wadda in ka yi magana take rubutawa. Sai ya mayar da ita mai sauraron hadda. Ya faɗi kalma, in ta rubuta daidai ya wuce, in ta rubuta wani abu daban ya sake.

"Dare uku ina faɗin 'people' tana rubuta mini shirme, Malama. Na huɗu ta rubuta."

Na ce faɗa in ji. Ya waiwaya ya dubi ƙofa, ya gyara tsayuwa, ya ce "fifty people". Tsaf. Kowane harafi a mazauninsa.

Daɗi ya kama ni, na ce masha Allah, to kai da ka iya haka me ya sa ban taɓa ganin hannunka a sama ba? Wata huɗu ko tari ba ka yi a aji.

Ya sunkuyar da kai, ya ɗan yi murmushi, ya ce, "Malama, ai ita waya ba ta dariya."

Ba da gatse ya faɗa ba, na rantse. Yadda mutum zai ce rana ta yi zafi haka ya faɗa. Ya karɓi littafinsa da hannu biyu, ya yi godiya, ya fita. Ni kuma na zauna a kan bencin gaba, na kasa tashi.

Domin na tuna ranar. Mako na biyu na zangon farko, na sa shi karanta jimla daga allo, kuma waɗannan kalmomin biyu ne a ciki. Ya juya su, "p" ta koma gurbin "f", "f" ta koma gurbin "p". Aji ya fashe, har da masu buga benci. Na ce su yi shiru, na ce. Amma kafin in faɗa sai da bakina ya motsa. Murmushi ne na daƙiƙa ɗaya, na kuma san ya gani, don ni yake kallo, ba su ba. Saurayi ɗan shekara sha tara, wanda ya haddace izu sittin, wanda in ya ja baƙi a masallacin unguwarsu dattawa ke yin tsit, ya zauna cikin yaran da ya girme wa da shekara huɗu don yana son boko, malamarsa ta yi masa murmushin da ya rufe masa baki wata huɗu. Na manta da abin a ranar. Shi ya ɗauke shi ya tafi da shi rumfar caji.

A ofishin malamai na ba malamin lissafi labari, ban faɗi na murmushin ba. Ya ce, "Ai Malama kin gama aiki. Abin da ake nema ke nan, yaro ya koya da kansa, ke ki huta." Na ce haka ne, don ba ni da ƙarfin musu. Amma tun daga lokacin nake jujjuya maganar, kuma ban yarda ba.

Gaskiya ne abin da nake so ke nan tun farko, kowa ya iya tafiya da ƙafarsa. Mutum ɗaya ba zai tsaya kan tamanin da huɗu cikin minti arba'in ba, ko rabin minti kowa ba zai samu ba in an cire kiran suna da share allo. Sai dai akwai wanda ya tafi shi kaɗai don ya samu hanya, akwai wanda ya tafi shi kaɗai don an kore shi daga cikin mutane. Daga nesa kamarsu ɗaya. A takardar da nake cikawa duk mako ma layi ɗaya zan sa su: ya kammala Kore, ya shiga Rawaya. Da bai tsaya yau ba, da na rubuta shi cikin nasarorina na wuce.

Kuma ba ni na koya masa karatun kai da kai ba, wannan ma dole in faɗa. Tsangaya ce ta koya masa. A biya maka, ka koma gefe ka yi ta maimaitawa, ka kawo a saurara, in ta zauna ka wanke allo a rubuta sabo. Tun yana kolo yake wannan. Kowa da allonsa, kowa da inda ya tsaya, babu mai jiran wani, abin da mu yanzu muke ta halartar bita a kansa. Wayar kawai ta zauna a gurbin gardin da ke biya masa. Ni da ya kamata in gane haka tun ranar farko, na tsaya kallon bakinsa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai: zai iya gama makarantar nan bai sake buɗe baki ba, kuma ya ci jarrabawa. Takarda ta uku ta Turancin WAEC, wadda ake kira ta furuci, tambayoyi 60 ne cikin minti 45, duk a rubuce, zaɓi kawai kake yi, babu mai jin muryarka. JAMB kuwa tun 2015 ta koma kwamfuta gaba ɗaya, tambayoyi 60 na Turanci, ka danna A ko B ko C ko D. Da wannan littafin nasa zai wuce su. Sannan ranar da zai tsaya gaban likita, ko gaban masu ɗaukar aiki, ko gaban nasa ɗaliban, ya tarar bai taɓa yin Turanci da mai rai ba.

Ita ma wayar ba na so ta zama alƙali. Muryoyin da ta fi sabawa da su ba namu ba ne. Ni kaina na sha faɗa mata kalma daidai ta rubuta wata. Ba Ba'amurke nake so ya zama ba, so nake in ya yi magana a gane shi a Legas da Inugu da Landan, da muryarsa ta Bakano. Wannan sai kunnen mutum.

Bayan tara na shiga SS2, ban san me na koyar ba. Taron malamai kan kuɗin jarrabawar gwaji, minti hamsin. Adaidaita biyu kafin gida. Tuwo miyar kuka, gishiri ya so ya yi yawa, babu wanda ya ce komai.

Bayan Isha na faɗa wa Baban yara duka, har da murmushin. Ya yi shiru, can ya ce, "Ki nemi afuwarsa mana, ai ba faɗuwa ba ce." Na san haka. Yadda zan yi ne ban sani ba. In na yi a gaban aji, na tono abin da watakila sun manta, na sake juyo da idanu tamanin kansa. In na kira shi gefe, zai ce ba komai Malama, ya sunkuyar da kai, kunya ta ƙara kama shi don babba ta ba shi haƙuri. Kuma ko ya yafe mini, masu buga bencin suna nan.

Na yi tunanin in roƙe shi ya nuna wa sauran 'yan tsangayar ajin, su bakwai ne, dabarar ɗigo ukun nan, su kaɗai a ƙarƙashin darbejiya ranar Juma'a. Mutum bakwai da suka san fa mai ɗigo a ƙasa ba za su yi masa dariya ba. Watakila daga bakwai a kai ashirin. Amma sai ya yarda, ba zan sake kiran sunansa bagatatan a gaban jama'a ba.

Sannan ga sha tara da ba su taɓa kawo mimori ba, yawancinsu 'yan matan layin baya. Ɗaya ta ce babanta ba ya barin a taɓa wayarsa, sauran ba su ce komai ba, ni ma ban bi ba'asi ba. Yau na fara tambayar kaina su nawa ne a cikinsu suke da irin nasa littafin a ɓoye, su nawa ne kuma ba su da ko rumfar cajin da za su je.

Cajina saura sha ɗaya. Ban ɗauki darasin Rawaya na shida ba, injin maƙwabta yana ta ƙara, in na ɗauka yanzu duk zai shiga. Sai da Asuba, kafin Auta ya farka. "Th" ne a kai, "think" da "sink", kuma ina so in ga me Alaramma zai yi da harafin sa mai ɗigo uku, don wannan kam yana da ita tun a allo.