Hoto na 23

Har yau idan na buɗe aikin nan a kwamfuta sai raina ya sosu. Hoto 42 na ɗauka na Dutsen Kwatarkwashi, yanki-yanki, don in ɗinke su su zama babban hoto ɗaya: layi uku, kowane layi 14, guda ɗaya tak, na 23, ya ɓata sauran.

Ƙarshen damina ne, ruwa ya wanke dutsen tas, dawa ta fid da kai a gindinsa. Na baro Gusau da sassafe, na kafa ƙafa-uku, abin ɗora kyamara, a bakin titin Funtuwa. Da gangan na ɗaura wa kyamarar gilashi mai jawo nesa, na milimita 200, don mai faɗin nan mayar da dutse yake kamar tsibin yashi, ni kuwa so nake a ga kowace tsaga. Da na juya kyamarar a tsaye, faɗin kowane hoto bai wuce digiri 7 ba. Ina barin kashi ɗaya cikin uku ya hau kan na baya, haske da saiti duk na kulle su da hannu.

Ina layin tsakiya sai wata tirelar siminti ta wuce, iskarta har ta kaɗa min riga. Daidai lokacin na latsa. Na leƙa ɗan allon bayan kyamara, na ga lafiya lau, na ci gaba abina. Ban zuƙo shi na duba ba, abin da bai fi daƙiƙa biyar ba.

Da dare manhajar Hugin ta ɗinke su sumul, amma a ƙirjin dutsen ga wani wuri dishi-dishi kamar an shafa masa man kaɗe. Hotunan gefe sun rufe bakin-bakinsa, tsakiyar kuwa ba mai rufe ta. Ƙanena ya ce, "Yaya, wallahi ba wanda zai lura." Ni dai duk sanda na buɗe, nan idona yake fara sauka.

Dogon gilashi ba ya yafe girgiza ko ƙanƙanuwa. Yanzu rabin kowane hoto nake bari ya hau kan na baya, in sa jinkirin daƙiƙa biyu kafin ta ɗauka, in yi nesa da kwalta, kuma kowane layi sau biyu nake bi.

Ban samu komawa ba sai a Disamba, ga halin da hanya take ciki. Na tarar an girbe dawar, hazo ya sauka, ta cikin gilashin ko tsaga ɗaya ban gani ba.