Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Lissafin Hazo

A makon jiya mun tsaya ne inda jirgin ƙasa ya sauke ni a Tiriyeste, can arewa maso gabashin Italiya. Cibiyar da na je, ICTP, wato cibiyar ƙasa da ƙasa ta nazarin kimiyyar fiziks, tana Miramare a bakin teku. Farfesa Abdus Salam ɗan Pakistan ne ya kafa ta a 1964, don masanan ƙasashe masu tasowa su samu wurin bincike ba tare da sun yi ƙaura dungurungum ba. Shi ne wanda ya samu kyautar Nobel a 1979 tare da wasu masana biyu, Glashow da Weinberg.

Na zo da burin bin sawunsa a nazarin ƙwayoyin zarra, sai rabo ya kai ni sashen masu lissafin yanayi. Malamar da ke duba aikina, da ta ji daga Kano nake, sai ta miƙo min alli ta ce in lissafa mata hazon da ke rufe mana gari.

Ashe babban kason ƙurar nan daga kwarin Bodele na Chadi take tasowa, tsohon gindin tafki da ya ƙafe. Iskar arewa maso gabas ce ke matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi, ta fito da ƙarfi ta kwashe ta. Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne dokar Stokes ta 1851: in ka rage faɗin ƙwayar ƙura da rabi, saurin faɗowarta ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Shi ya sa yashi ke zubewa nan kusa, mai laushin kuwa sai ta tsallake Nijar ta sauka kan tabarmar masallacin unguwarmu.

Motsin iskar kansa, lissafin Navier-Stokes ne ke bayyana shi, kuma har yau bai gama ba da kai ba; tun shekarar 2000 Cibiyar Clay, ta masana lissafi, ta sa ladan dala miliyan ɗaya ga duk wanda ya warware shi. Mu dai yanka sararin sama muke yi gida-gida, kwamfuta ta yi ta kirdado dare da rana. A jami'a na saba amsa tana ƙarshen littafi. A nan ko malamar ba ta da ita.

Ranar Juma'a na kira gida, Inna ta tambayi abin da nake karantawa, na faɗa mata.

"Ƙura? Ɗan nan, ka bar wadda nake sharewa kullum a tsakar gida, ka tafi Turai nemanta?"

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za ku ji yadda Bora, iskar nan mai ƙarfi ta Tiriyeste, ta yi da laimata.